In tura yaron nan gabashin Jamus ko in haƙura?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman wurin 'yan uwanmu da ke Turai. Ƙanena ya samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a jihar Thuringia ta Jamus, fannin lantarki. Sai da na sayar da fili kafin muka haɗa Yuro 11,904 ɗin da ake rufewa a asusu kafin a ba ɗalibi biza. To jiya maƙwabcin shagona ya ce min wai jihar nan ita ce cibiyar jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi, wai baƙin mutum kuma Musulmi ba ya fita da daddare. Hajiyarmu ta ji, tun jiya take cewa a fasa. Don Allah wanda ya san gaskiyar abin ya faɗa min. Ba na so in kai yaro inda za a illata shi, ba na kuma so in tare masa arziki a kan jita-jitar kasuwa.

Alhajin Hamburg: Wa alaikumus salam. Maƙwabcinka bai yi ƙarya ba, amma ya ƙara gishiri. Na haura shekara ashirin a ƙasar nan, a idona aka haifi jam'iyyar. A 2013 wasu malaman tattalin arziki ne suka kafa ta, kukansu kuɗin Yuro ne da bashin da ake ta biya wa Girka. Babu ruwansu da mu a lokacin. Sai 2015 da Merkel ta bar 'yan gudun hijirar Siriya suka shigo, nan jam'iyyar ta gano inda kasuwa take ci. 2017 ta shiga majalisar tarayya da kashi 12.6, a zaɓen Fabrairun 2025 ta samu kashi 20.8, ta zo ta biyu. A Thuringia kuwa tun Satumban 2024 ita ce ta ɗaya a zaɓen jiha, kashi 32.8. Amma ba ita ke mulkin jihar ba, sauran jam'iyyu sun haɗa kai sun ƙi ta. Ni a Hamburg nake, nan ba su da ƙarfi sosai. Akwai 'yarmu a Erfurt, ita ce a bakin wutar, bari ta shigo.

'Yar Erfurt: Ga ni Baba, yanzu na sauko daga aikin dare. Yaya Ɗan Kwari, a babban birnin jihar nake, shekara ta biyar, ina aiki a gidan kula da tsofaffi, kuma da ɗankwalina nake fita. Ba zan ce maka lafiya lau ba, ba kuma zan ce maka ana farautar mutane a titi ba. Abin da ya fi yawa shi ne kallo. Ka shiga jirgin cikin gari kujerar kusa da kai ta zauna babu kowa har ka sauka. Sau biyu an taɓa yi min tsawa in koma garinmu, duka biyun mashaya ne a tasha. Neman gidan haya shi ne wahalar gaske, da sun ji sunanka sai a ce an riga an bayar.

Amma bari in ba ku labarin da ya fi damuna. Akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka kullum da safe, ta haura 80. Tana ajiye min alewa, ta san sunan 'yata, ranar da ban zo ba sai ta tambaya. Da bakinta ta faɗa min AfD ta zaɓa. Na ce to ni fa? Ta kama hannuna ta ce ai ba da ni take ba, da waɗancan take. Na ce waɗanne? Ba ta taɓa haɗuwa da ko ɗaya daga cikinsu ba, a talabijin take ganinsu. Masana'antar da mijinta ya yi wa aiki an rufe ta bayan haɗewar Jamus a 1990, 'ya'yanta biyu duk sun koma yamma neman aiki, ƙauyensu babu likita babu motar haya sai sau biyu a rana. Haushin shekara talatin ne take ɗauke da shi, aka zo aka nuna mata wanda za ta sauke wa.

Sarkin Yaƙi: Ni fa ban ga laifinsu ba. Ƙasarsu ce, kakanninsu suka gina. In mutum ya ce baƙi sun ishe shi a gidansa, ina abin zagi? Ku ma da ke can ku faɗi gaskiya, wa ya kai harin wuƙa a Solingen a 2024 ya kashe mutum uku? Wa ya kashe yaro ƙarami a Aschaffenburg ana saura wata ɗaya zaɓe? Masu neman mafaka ne. In baƙo ya zo Fagge ya yi haka, wallahi ba zaɓe za mu jira ba.

Alhajin Hamburg: Sarkin Yaƙi, waɗannan abubuwan sun faru, babu mai musu, kuma babu wanda suka ƙona wa rai kamar mu. Duk ranar da aka ce an kai hari, addu'ar kowane baƙo a ƙasar nan ɗaya ce, Allah ya sa ba namu ba ne. Amma tunda lissafi kake, ka ƙara da Hanau, Fabrairun 2020, inda wani Bajamushe ya bi wuraren shan shisha ya harbe mutum tara saboda asalinsu. Ka ƙara da Walter Lübcke, ɗan siyasar jam'iyyar CDU ta Merkel da aka harbe a gidansa a 2019 don ya kare 'yan gudun hijira. Wancan jinin ana yin gangami da shi, wannan kuwa sai a ce aikin mahaukaci ɗaya ne.

Malam na Samaru: Ku ba ni dama in ɗan sa baki, don wannan shi ne abin da nake koyarwa. Sarkin Yaƙi, da maganar "a rage shigowar baƙi" ce kaɗai, da ba a ware su da wani suna ba, jam'iyyu da yawa suna faɗin haka. Tukunyar waɗannan a kan duwatsun murhu uku take zaune. Na farko, ƙasa ta 'yan asali ce, kuma asali a wurinsu jini ne, ba fasfo ba, shi ya sa ɗan Baturke da aka haifa a Berlin, ubansa ma a can aka haife shi, har yau baƙo ne a idonsu. Na biyu son hukuma mai bulala. Na uku shi ne wanda ya fi sayuwa: mu ne talakawa na gaskiya, waɗancan manyan na Berlin da Brussels da 'yan jarida da alƙalai duk maciya amana ne. Dutsen nan na uku shi ne haɗarin, domin wanda ya ce shi kaɗai ne bakin jama'a, ranar da kotu ta taka masa birki ba zai ce ya yi kuskure ba, cewa zai yi kotu ta yi wa jama'a tawaye.

Sun kuma bambanta da 'yan fasist na da, waɗannan ta akwatin zaɓe suke so su shiga, suna sa kwat suna murmushi. Duba Faransa. Jean-Marie Le Pen, jagoran jam'iyyar masu ƙyamar baƙi ta can, ya kai zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a 2002, ƙasa ta girgiza, Chirac ya lallasa shi da kashi 82. 'Yarsa Marine ta karɓi jam'iyyar a 2011, ta kori uban nata daga ciki a 2015, ta sauya mata suna a 2018, sai ga ta da kashi 41 da ɗoriya a 2022. Kayan cikin shagon kusan su ne, allon ƙofa aka sake.

Ɗan Damagaram: Malam, da girmanka, amma kada a haɗa su duka a buhu ɗaya. Mu a Nijar akwai wadda muke gani da mutunci, Giorgia Meloni ta Italiya. Matar nan ta ɗaga takardar sefa a talabijin ta ce ga kuɗin mulkin mallaka da Faransa ke tatsar Afirka da shi, ta nuna hoton yaro a ramin zinari a Burkina. Wane shugaban Turai ya taɓa faɗin haka? Waɗanda kuke kira masu sassauci, irin su Macron, su ne suka shekara hamsin da ɗoriya suna kwasar yuraniyom ɗin Arlit suna mana murmushi. Ni gara wanda zai ce min ba na son ka a gidana, da wanda zai rungume ni hannunsa na cikin aljihuna. Kuma sojan Faransa sun fita a Disamban 2023, na Amurka sun bi su, na Italiya suna nan Yamai babu wanda ya kore su.

Na Foggia: Hahaha. Ɗan uwa, bidiyon nan na 2019 ne, lokacin tana adawa, jam'iyyarta da kashi 4 kacal a zaɓen 2018. Ba don son ka ta ɗaga sefar ba, Faransa take zagi, kuma ƙarshen maganarta shi ne a bar mu a gida kada mu tsallako. Tun da ta hau a Oktoban 2022 ka sake jin ta ambaci sefa?

Ni a ƙasarta nake, shekara takwas, uku daga ciki a gonar tumatir. Bari in faɗa maka abin da ba ya shiga bidiyo. Da tana kamfe cewa take za ta jera jiragen yaƙi a teku ta toshe hanya. Da ta hau, gwamnatinta ta sa hannu a kan takardar shigo da ma'aikata baƙi 452,000 daga 2023 zuwa 2025. Me ya sa? Masu gonaki da masu masana'antun arewa, waɗanda su ne suka zaɓe ta, sun ce mata in babu mu tumatir zai ruɓe, tsofaffi kuma babu mai ɗaga su. To ka ga wasan: a talabijin mu ne matsala, a gona mu ne mafita. Kuma baƙon da ke cikin tsoro, wanda takardarsa ke hannun wani, shi ne ya fi arha. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ta gina sansanoni a Albaniya don kai waɗanda aka tsamo a teku, aka buɗe a Oktoban 2024, kotunan Italiya suka ce a dawo da rukunin farko. Ka san wa ta zaga? Alƙalai. Daidai abin da Malam ya faɗa.

Ɗan Damagaram: To amma shigowa ta teku ta ragu ko ba ta ragu ba? Ai ta cika alkawari.

Na Foggia: Ta ragu, daga wajen 157,000 a 2023 zuwa wajen 66,000 a 2024. Tambayi yadda aka yi. Kuɗi aka ba Tunisiya a yarjejeniyar Yulin 2023 ta zama maigadi. Waɗanda aka kwasa daga Sfax aka zubar a hamadar bakin iyakar Libiya, fatarsu irin tawa da taka ce.

Direban Agadas: Salamu alaikum, tun ɗazu nake karantawa. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma wannan maganar a jikina ta wuce. Kuna ta Meloni da AfD, ni kuwa waɗanda suka kashe mana kasuwa ba su ba ne. Dokar 2015-36 da ta mayar da ɗaukar fasinja zuwa Libiya laifi, a zamanin Issoufou aka yi ta, kuma waɗanda suka matsa aka yi ta su ne masu mulkin Turai na lokacin, su Merkel da Hollande, waɗanda ake ce wa mutanen kirki. An kama direbobi, an ƙwace motoci sun ruɓe a bariki. Tafiya ba ta tsaya ba, sai dai aka bar hanyar rijiyoyi aka koma bin bayan duwatsu da dare, mutane suka yi ta mutuwa da ƙishi. Sai Nuwamban 2023 sojoji suka soke ta. Lokacin da aka yi mana haka AfD ko kujera ɗaya ba ta da ita a majalisar tarayyar Jamus. Tsoronta kawai ya isa.

Malam na Samaru: Direba, wallahi ka faɗi a layi shida abin da nake shafe zango guda ina koyarwa. Ƙarfin waɗannan jam'iyyu ba sai sun hau kujera ba. Ɗan Kwari, nan ne amsarka take, ba a titin Erfurt kaɗai ba. A Jamus akwai abin da suke kira katangar wuta, wato alkawarin cewa babu jam'iyyar da za ta yi gwamnati da AfD. Katangar tana nan tsaye. Amma a Janairun 2025 Friedrich Merz, shugaban CDU, ya gabatar da ƙudurin tsaurara shige da fice, ya wuce da ƙuri'un AfD. Da ya zama shugaban gwamnati a Mayu, aka fara mayar da masu neman mafaka daga bakin iyaka, aka dakatar da kawo iyali ga wani rukunin 'yan gudun hijira na shekara biyu, aka soke hanyar samun ɗan ƙasa a shekara uku. An hana su shiga gida, amma girkinsu ake ci a ciki. A Denmark ma jam'iyyar 'yan ƙwadago ce da kanta ta ɗauki manufar.

Alhajin Hamburg: Malam, a nan kam zan ɗan ja da kai. Ba daidai ba ne a ce duk ɗaya ne. Merz ya tsaurara, gaskiya, amma dokar zama ɗan ƙasa a shekara biyar da riƙe fasfo biyu ta 2024 tana nan, 'ya'yana sun amfana. Waɗancan kuwa abin da suke kira "remigration", wato mayar da baƙi ƙasashen asalinsu, ba ƙofa kaɗai yake rufewa ba, na cikin ɗaki yake son fitarwa. Da aka fallasa taron sirrin Potsdam a Janairun 2024, inda aka tattauna korar har da masu fasfon Jamus, na ga abin da ban taɓa gani ba. Jamusawa dubu ɗaruruwa suka fito titi cikin sanyi. A nan Hamburg sai da aka tsayar da gangamin don wurin ya kasa ɗaukar mutane. Ni da matata muna ciki, wata farar tsohuwa ta ba ni shayi daga fulas ɗinta. Kada mu manta da waɗannan, su ne kashi 80 ɗin da ba su zaɓi AfD ba.

'Yar Erfurt: Baba, kashi 80 a wurinku. A nan zaɓen tarayya sun haura kashi 38. Kuma shugabansu na jihar, Björn Höcke, kotu ta ci shi tara sau biyu a 2024 saboda amfani da taken dakarun Nazi, bai rage masa ƙuri'a ko ɗaya ba. A Mayun 2025 hukumar leƙen asirin cikin gida ta ayyana jam'iyyar gaba ɗaya a matsayin mai tsattsauran ra'ayi, suka garzaya kotu. Abokan aikina da ke zaɓensu cewa suka yi, kin gani ko, manya sun ji tsoronmu. Duk dukan da aka yi musu ƙiba yake ƙara musu.

Abin dariyar, 'yar takararsu ta shugaban gwamnati, Alice Weidel, tsohuwar ma'aikaciyar banki ce, iyalinta a Switzerland suke, abokiyar zamanta 'yar asalin Sri Lanka ce. Ita ce kuma bakin talakan ƙauyen Thuringia.

Sarkin Yaƙi: Duk na ji. Amma har yanzu babu wanda ya ba ni amsa. Mai gida yana da ikon cewa baƙo ya ishe shi ko ba shi da shi?

Alhajin Hamburg: Ɗana, zan ba ka amsa da labarin gidanmu. Ni haifaffen zangon Kumasi ne. Kakana daga ƙasar Kano ya zo fataucin goro, mahaifina a Kumasi aka haife shi, bai taɓa ganin Dala da idonsa ba. A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya bar Gana. Tattalin arziki ya lalace, koko ya faɗi, aka ce baƙi ne suka cinye kasuwa. 'Yan uwan mahaifina suka sayar da gidaje a kuɗin akuya suka hau akori-kura zuwa ƙasar da ba su sani ba. Shekara 14 bayan nan, a 1983, man fetur ya faɗi, Shagari ya kori baƙi, 'yan Gana kimanin miliyan guda suka kwashi kaya a jakar nan da har yau kuke kira da sunansu kuna dariya. Gana ba ta yi arziki don ta kore mu ba, Najeriya ma haka. Kuma duka biyun mai gida ne ya ce baƙo ya ishe shi. To wane ne mai gidan, mahaifina da aka binne cibiyarsa a Kumasi, ko wanda ke riƙe da hatimi?

Malam na Samaru: Ba ma sai mun je 1983 ba Alhaji. Bahaushen da kakansa ya zauna a Jos tun zamanin haƙar kuza, a je a tambaye shi yadda ake samun takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma. Sannan a tambayi wanda aka haifa a Sabon Garin Kano shi ma. Laifi tudu ne.

Sarkin Yaƙi: A'a Malam, wannan daban. Maganar Jos ai zalunci ne tsagwaronsa.

Na Foggia: In a kanka ya faɗo zalunci ne, in a kan wani ne kuma ikon mai gida 😂

Shugaban Zaure: Jama'a a yi hattara. Maganar Jos da Sabon Gari ta taɓa raba mana zaure, ba za mu koma ba. Sarkin Yaƙi, na goge saƙonka na ƙarshe, Na Foggia ya girme ka. A koma kan tambayar bawan Allah.

Ɗan Damagaram: Ni dai ina nan kan bakata game da Faransa. Amma maganar Tunisiya ta shige ni, akwai yaron unguwarmu da aka daina jin ɗuriyarsa daga Sfax.

Direban Agadas: Allah ya bayyana shi. Ka turo min sunansa ta gefe, akwai waɗanda ake dawowa da su ta Assamaka, bakin iyakarmu da Aljeriya, zan tambaya.

Ɗan Kwari: Amin. Na gode ƙwarai jama'a, na ƙaru fiye da abin da na zo nema, amma ku gafarce ni, har yanzu ban san me zan faɗa wa Hajiya ba. Ƙanwata ta Erfurt, ke ce a wurin. Da ƙaninki ne, uwa ɗaya uba ɗaya, za ki ce ya zo?

'Yar Erfurt: Zan ce ya zo, Yaya. Garuruwan jami'a daban suke da ƙauyuka, ɗalibai baƙi suna da yawa, akwai masallatai, akwai shagunan Larabawa da Turkawa inda zai samu naman halal. Injiniyan lantarki kuma nemansu ake yi, in ya gama yana da wata 18 na neman aiki, ba dole ne ya zauna a gabas ba. Sharaɗina biyu ne. Ya nemi ɗakin kwanan ɗalibai tun yau, kada ya ce sai ya iso. Kuma ya kama Jamusanci da gaske tun daga Kano, ko da Turanci za a koyar da shi, don wanda zai iya mayar da magana ba a cika taka shi ba. Ranar wasan ƙwallo ko ranar gangaminsu ya kauce wa tasha da daddare, mu ma haka muke yi.

Abin da ba zan iya yi maka alkawari ba shi ne yadda jihar za ta kasance nan da zaɓe mai zuwa. Ni kaina na fara tura takardun neman aiki yamma, saboda 'yata za ta shiga firamare, ranar nan ta dawo daga makarantar rainon yara tana tambayata ko in ta yi wanka sosai za ta yi fari.

Alhajin Hamburg: Innalillahi. Ki kira ni gobe 'yata, akwai wanda na sani a nan.

Ɗan Kwari: Allah ya raya ta, ya tsare ku. Wannan na ƙarshen ba zan karanta wa Hajiya ba. Zan iya haɗa ku a waya ki yi mata magana da kanki? Ta fi yarda da muryar mace.

'Yar Erfurt: Ba damuwa, Lahadi bayan la'asar ɗinku ba ni da aiki. Kuma ka ce masa kada ya ɗauko kilishi, kwastan ƙwacewa suke yi har da tara. Kuka da kuɓewa busasshiya dai ya cika jaka, rabi nawa ne.